Kafin karatun paramedik: shin sai ka fara zama a bayan motar asibiti?

Ƙannenmu da ke Amurka, musamman yaran unguwar Bronx a New York, sun sha tare ni da wannan magana. Mutum ya gama kwas ɗin EMT, wato ma'aikacin agajin gaggawa na tushe a motar asibiti, ya ci jarrabawa, shaida tana hannunsa, sai ya tsaya yana wasiwasi: ya wuce makarantar paramedik, babban matakin wannan sana'a, nan take, ko ya fara shiga mota ya yi aiki tukuna? Na yi shekaru a wannan sana'a, kuma ina da ra'ayi a kanta wanda ba na ɓoyewa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wai mene ne ma bambancin EMT da paramedik?

A Amurka masu agajin gaggawa hawa huɗu ne: EMR mai ba da taimakon farko, EMT, AEMT wato EMT mai ƙarin horo, sai paramedik a sama. Hukumar NREMT, wadda aka kafa a 1970, ita ke shirya jarrabawar da yawancin jihohi ke dogara da ita, amma lasisin aiki jiha ce ke bayarwa.

Kwas ɗin EMT gajere ne, awa 150 ko sama da haka kaɗan, cikin 'yan watanni an gama. Aikinsa shi ne tushen ceton rai: danna ƙirji idan zuciya ta tsaya, amfani da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki mai sarrafa kanta, sa iskar oksijin, tsayar da jini, ɗaure karaya, karɓar haihuwa idan ta zo a hanya, da ba da 'yan magunguna ƙalilan irin su asfirin da suga ta baki. Paramedik kuwa karatunsa yakan kai awa 1,200 zuwa 1,800, shekara ɗaya zuwa biyu. Shi ke neman jijiya ya sa ƙarin ruwa, ya zura bututun numfashi a maƙogwaro, ya karanta zanen bugun zuciya, ya yanke shawarar wane magani zai tura cikin jini da adadinsa. Kuskuren EMT yakan tsaya a kusa. Na paramedik yana iya kashe mutum cikin minti biyu.

Doka ta tilasta a yi aiki kafin a shiga karatun?

Abin da ya zama dole shi ne ka riƙe shaidar EMT. Maganar gogewa kuma ta danganta da makaranta. Wasu ba za su karɓi takardarka ba sai ka nuna ka yi wata shida ko shekara a mota, wasu kuma suna ɗaukar ɗalibi daga wannan aji su wuce da shi wancan ba tare da ya taɓa ɗaukar majinyaci ko ɗaya a bakin aiki ba. Abu guda dai ka bincika kafin ka biya ko sisi: tun daga 2013, NREMT ba ta barin mutum ya zauna jarrabawar paramedik sai makarantarsa tana cikin tsarin tantancewar hukumar CAAHEP.

Kada kuma a ɗauka tsarin Amurka shi ne kaɗai a duniya. A Birtaniya matashi na iya tafiya jami'a kai tsaye ya yi digirin shekara uku, kuma tun 2021 digirin ne mafi ƙarancin abin da ake nema ga sababbin shiga. Sai dai a cikin shekarun nan uku ana tura su mota su yi watanni suna bin ƙwararru. Wato ko a can ba a tsallake mota ba, an dai saka ta cikin karatun ne.

To me ake koya a mota wanda aji ba ya koyarwa?

Nan ne zan daɗe, don nan ne zancen yake.

A watannina na farko an kira mu wajen ƙarfe uku na dare, gida hawa na huɗu, babu lifta. Wata dattijuwa ta buɗe ƙofa hannunta na rawa, ta ce maigidanta ya rikice, yana ta surutai, bai gane ta ba. Na same shi a bakin gado, rigarsa sharkaf da gumi, fatarsa sanyi ƙalau, maganarsa a lauye. Kaina ya tafi kan shanyewar ɓarin jiki, har na fara cewa ya ɗaga hannayensa in gani. Abokin aikina, wanda ya girme ni a sana'ar nesa ba kusa ba, ya riga ya hango kwalbar insulin, maganin masu ciwon suga, da sirinji a kan ɗan teburin da ke gefen gado. Ya juya wurin matar a hankali ya ce, "Mama, ya ci abincin dare kuwa?" Ta ce ya yi allurarsa, amma ya ce cikinsa ba daɗi, ya kwanta haka nan. Muka soki yatsarsa, na'urar auna sugan jini ta nuna 42, alhali ƙasa da 70 ma an shiga matsala. Da muka tabbatar yana iya haɗiya, muka ba shi suga mai kauri ta baki. Ba a yi minti goma sha biyar ba ya kira matarsa da sunanta, ya tambaye ta su wane ne waɗannan baƙi.

Babu abin da abokina ya yi a daren nan da ba a rubuce yake a littafinmu ba. Ni ma na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa. Abin da yake da shi wanda ba ni da shi shi ne ido: yana shiga ɗaki ya karanta ɗakin kafin ya taɓa majinyaci. Wannan idon ba ya samuwa sai mutum ya shiga ɗakuna ɗari biyu, ɗari uku, ya ga yadda wanda yake gab da mutuwa ke numfashi, ya ga yadda wanda tsoro kawai ke damunsa yake yi, har ya iya raba su tun daga bakin ƙofa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suke cinye hankalin sabon shiga. Auna hawan jini da kunne a cikin mota tana gudu, jiniya na kuka. Sauko da mutum mai nauyi ta matattakala a kujerar ɗaukar majinyaci ba tare da ka ji wa bayanka ciwo ba. Lallashin wanda ya sha giya, ko uwar da ɗanta ke jijjiga. Miƙa wa nas bayani a ɗakin gaggawa cikin daƙiƙa talatin ba tare da kame-kame ba. Ɗalibin paramedik da bai iya waɗannan ba yakan zo lokacin gwajin aiki a mota ya tarar yana koyon abu biyu a lokaci guda: yana lissafin adadin magani a ka, yana kuma fama da yadda ake ɗaga gadon majinyaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa tsofaffin sana'ar ke yawan cewa a gyara agajin tushe kafin a kai hannu jakar magani. Iska ta shiga huhu, jini ya tsaya, sannan a yi maganar allura.

Wane irin aiki ya kamata in nema?

Idan ka samu motar da ke amsa kiran 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, shi ne a gaba. Sai dai sababbi da yawa sukan fara ne da kamfanonin da ke jigilar marasa lafiya tsakanin asibitoci, ko kai masu wankin ƙoda sau uku a mako. Matasa na raina wannan aiki, ni kuma ba na raina shi. Kana zaune da majinyaci rabin awa ga takardunsa a cinyarka: jerin cututtukansa, jerin magungunansa. Wanda ya mayar da hankali zai fito ya san sunayen magunguna da amfaninsu fiye da abokinsa da ke bin jiniya, ya kuma saurari ƙirji iri-iri har kunnensa ya buɗe. Abin da ba zai samu ba shi ne shiga wurin da babu wanda ya san abin da ya faru. Don haka in a jigila kake, nemi ƙarin aiki a ɗakin gaggawa na asibiti, ko ka shiga ƙungiyar 'yan sa-kai, waɗanda har yau su ke riƙe da motocin agaji a ƙauyukan Amurka da dama.

Tsawon wane lokaci ya isa?

A ganina, shekara guda a wuri mai yawan kira. Amma kalanda ba ita ce ma'auni ba. Wata shida a birni mai cunkoso ya fi shekara biyu a tashar da ake kwana biyu ba a kira ba. Tambayi kanka: idan paramedik ɗin da kake bi ya tsaya gefe ya ce ka ja ragamar wannan kira, za ka iya yin tambayoyi a tsare, ka duba mutum daga kai zuwa ƙafa, ka faɗi abin da kake zato da dalilinka? Idan amsar e ce, lokaci ya yi.

Masu cewa ɓata lokaci ne fa?

Suna da hujja, kuma ba zan tauye musu ba. Albashin EMT kaɗan ne, mai iyali ba zai so ya daɗe a kansa ba. Sannan mota tana koyar da mugun hali kamar yadda take koyar da na kirki. Na ga sababbi masu hazaƙa sun faɗa hannun abokin aikin da ya gaji da sana'ar, cikin wata uku sun koyi rubuta lambobin da ba su auna ba, sun koyi kallon kowane mai kira a matsayin mai damun mutane. Irin wannan gogewar gara babu ita. Na kuma san paramedik nagari da suka wuce kai tsaye, sai dai kowannensu ya gaya mini cewa shekararsa ta farko ta yi masa nauyi ƙwarai.

Hatsarin ɗaya ɓangaren shi ne zama ya yi yawa. Mutum ya ce sai baɗi, baɗi ta zo ya ce sai baɗi, har littafi ya fita daga kansa.

Idan na yanke shawarar yin shekarar, yaya zan ci moriyarta?

Ka sa ranar da za ka nemi makaranta tun yanzu, ka rubuta ta. Ka nemi a haɗa ka da paramedik mai son koyarwa, kuma bayan kowane kira mai wuya, idan an wanke mota hankali ya kwanta, ka tambaye shi me ya gani, me ya sa ya zaɓi wannan magani ya bar wancan. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, ba tare da sunan kowa ko adireshinsa ba, ka rubuta alamomin da ka gani da abin da ka zata, in ka koma asibitin ka tambayi nas abin da likita ya gano. Idan da hali ka yi darasin sanin sassan jiki da yadda suke aiki a kwalejin unguwa da yamma, don makarantu da dama suna nemansa, kuma shi ke kayar da ɗalibai a zangon farko. Duk zanen bugun zuciyar da na'ura ta fitar, roƙi a bar ka ka duba shi kafin a gaya maka amsar.