Dashe daban, shuka daban

Da damina ta kankama sai kalmar nan ta cika rediyo, dashen bishiyoyi, dashen itatuwa, an ƙaddamar da dashe a ƙaramar hukuma kaza. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai karanta labarai zai ce an shuka, kafin ya kai ƙarshen maganar ya juya ya ce an dasa, kamar duk abu ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Shuka ƙwaya ce ka binne ta tsiro a inda take, gero, dawa, ƙwallon mangwaro. Dashe kuwa abu ne mai rai da ya riga ya tsiro a wani wuri ka ciro shi ka sauya masa mazauni. Duk ɗan fadama ya san haka, albasa da tumatir da tattasai sai an rene su tukuna a dasa. Shi ya sa ma ba a cewa shukar ƙoda, dashen ƙoda ake cewa, kuma ba wanda ake yi wa dashen ƙoda a sallame shi ranar a manta da shi.

To haka ɗan itacen nan na cikin baƙar leda yake, an taɓa masa saiwa, jinya yake buƙata. Ni a wajena duk wanda ya ce ya dasa dubu kaza bai gaya min komai ba sai ya faɗi nawa suka kama, nawa suka ga damina ta biyu. A Nijar ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace, al'ada ce mai kyau, amma kai mai gida kar ka jira biki, da ƙasa ta jiƙu sosai a Yuni ko Yuli ka dasa domin saiwa ta samu watannin ruwa kafin rani. Ka yanke ledar ka cire ta, mutane da yawa da ita suke binnewa. Taki ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba, ɗanye gara yake kira. Sannan ka kewaye da ƙaya ko bulo saboda awaki.

Inda ruɗanin ya fi yi min ciwo shi ne wajen cewa dashe bai kama ba. Wani maƙwabcinmu ya dasa 'yar kuka a ƙofar gida, ta yi kore shar duk damina, hunturu na shigowa ta kaɗe ganyenta tas ta zama kamar sandar makiyayi. Ya ce ai ta mutu, ya sa yara suka tuge. Da na ga saiwar sai da raina ya ɓaci, ta yi kauri kamar ɗan rogo, jiƙe da ruwa, ranta lafiya lau. Kuka haka Allah ya yi ta, rimi ma haka, zogale ma yakan yi sanƙo lokacin sanyi, suna zubar da ganye ne su tsimi ruwan jikinsu har bazara ta zo su sake toho. Kafin ka tuge ka ɗan kankare bawon da farce, in ka ga kore da danshi a ciki to ka ƙyale ta. Kuma irin waɗannan suna da amfani a gida, lokacin sanyi su bar maka hantsi ya shigo tsakar gida, ganyen da ya zuba ka tara a gindinsu ya riƙe laima maimakon a share a ƙona.

Gawo shi kuma nasa a juye yake, da damina yake tsirara, da rani ya yi ganye. Wanda bai sani ba zai gan shi a Agusta ba ko ganye ɗaya ya ce ya bushe, alhali dalilin da ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona ke nan, ba ya tare wa gero rana, ga taki daga ganyensa, ga 'ya'yan da dabbobi ke ci da rani. Yawancin gawon da ya dawo a yankin Maradi da Damagaram ma ba dasa shi aka yi ba, sassabin zamani ne, manoma suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture, suka zaɓi mai ƙarfi suka rene shi.

In a cikin gida za ka dasa, ka tambayi girman da itacen zai yi nan da shekara 20 kafin ka haƙa rami. Kuka da rimi ba na jikin katanga ko kusa da masai ba ne, su sai fili, ƙaramin gida zogale ya ishe shi.