Menene sikirinshot, kuma yaushe ya dace a saka shi a jagorar manhaja?

Sikirinshot dai hoton fuskar waya ne ko ta kwamfuta, wato ka ɗauke abin da ke kan allo a daidai wannan lokacin yadda yake. Yanzu kowa ya san shi, ko mai POS a Kasuwar Barci in ka yi masa tiransifa alat bai shigo ba abin da zai ce maka kenan, "Alhaji turo min sikirinshot." A Android ka danne maɓallin kunna waya da na rage sauti tare, a Windows kuma maɓallan Windows da Shift da S, a Mac Command da Shift da 4. Ɗaukarsa ba wuya, sanin inda za a saka shi ne aiki, musamman ga mu masu rubuta jagorar manhaja, wannan takardar da ke koya wa mutum yadda zai yi rajista ko ya shigar da bayanai.

Ni a wurina tambaya ɗaya hoto yake amsawa da kyau, ita ce "ina abin yake?" In maɓallin ba shi da suna, ɗigo uku ne kawai a can lungun sama, ko shafin ya cika da akwatuna har ido ya rasa inda zai sauka, to nan kam saka hoto, ka yanke shi iya wurin da ake magana, ka zagaye maɓallin da jan layi. Haka in mutum ya gama wani dogon aiki yana so ya tabbatar ya yi daidai, nuna masa yadda shafin zai kasance. Amma "danna Save" ba ya buƙatar hoto wallahi, kalma biyu sun wadatar.

Dalili kuwa hoto tsufa yake yi da wuri. Na taɓa rubuta wa wata makaranta a Unguwar Rimi jagorar shigar da sakamakon jarabawa, kowane mataki da hotonsa, ba a rufa zango ɗaya ba masu manhajar suka yi ofdet suka sauya wa maɓallai wuri da launi, sai ga wata malama ta kira ni da daddare muryarta duk damuwa, "Malam don Allah abin da ke takardarka ba shi ne a gabana ba, ko na ɓata wani abu ne?" Ba ta ɓata komai ba baiwar Allah, sunayen maɓallan ma ba su canza ba, da rubutu ta bi da tuni ta gama, amma ido ya fi yarda da hoto. Haka aka yi a 2021 da Windows 11 ta fito Microsoft ta dawo da maɓallin Start tsakiya daga gefen hagu, duk jagorar da ta nuna tsohon wurin sai ga hotunanta sun tsufa.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki hoton kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, ko umarnin da mutum zai rubuta, ko saƙon kuskure. Sau da yawa ba a iya kwafa daga hoto kai tsaye, mutum sai ya zauna yana kwaikwaya harafi-harafi yana ruɗa 0 da O, in ya nemi kalmar da Ctrl da F ba zai same ta ba, sannan makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo da murya, irin su NVDA ko TalkBack, abin da aka rubuta a matsayin bayanin hoton kawai za a karanta masa, in ba a rubuta ba an bar shi a baya kenan. Ga kuma data, mai buɗe jagorar a Rigasa da netwok ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa rubutu zai fito masa nan take hotuna kuwa su yi ta juyi.

In ka yanke shawarar sakawa, ajiye shi a nau'in fayil ɗin hoto na PNG don rubutun ciki ya fi fita tas a kan na JPEG, kuma kafin ka ɗauka duba allon sosai, kar lambar waya ko BVN ko NIN ɗin wani su shiga, tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane a Najeriya. Ni akawun na gwaji nake buɗewa da sunan ƙirƙira, da shi nake ɗaukar duk hotunan.