Ba kowane haki ne asma ba

Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, don girman Allah ku daina yanke wa kanku hukuncin asma. Na gaji da ganin mace mai ƙuruciya ta shigo asibiti ƙafa a kumbure, leɓe ya yi duhu, tana haki daga ƙofa zuwa benci. Ka buɗe jakarta, ga abin shaƙa da ta saya a shagon magani, ga kwalbar jiƙon da aka tallata mata a trotro, motar haya. Tun yaushe? Tun kafin azumin bara. Haba Hajiya!

Akwai ciwon da ake kira hawan jinin huhu. Jijiyoyin da ke kai jini huhu ne ke tsukewa, zuciya ta yi ta turawa har ta gaji. Awon jinin da ake ɗaura muku a hannu ba ya nuna shi. Ya fi kama mata, yana kuma bin masu HIV, da waɗanda aka haifa da rami a zuciya, da waɗanda tsargiya ta daɗe a jikinsu. Abin shaƙar asma ko gezau ba ya yi masa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yanzu akwai magani. Bosentan ya fito tun 2001, sildenafil aka amince da shi don wannan ciwon a 2005. A Maris 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sotatercept, allura ƙarƙashin fata sau ɗaya duk mako uku, wadda ke tunkarar kaurin bangon jijiyar kanta. Tana da tsada ƙwarai, kuma ba ta warkarwa gaba ɗaya. Amma tsofaffin magungunan ma suna taimakawa in an fara da wuri. To wane magani zai tayar da zuciyar da aka bari a ɗaki tana shan jiƙo shekara guda?

Kai kuma Malam, kada ka ji sildenafil ka ce ai ƙwayar maza ce, ka sayo wa uwargida. Likita kaɗai ke auna shi.

'Yan uwana, ba faɗa nake yi ba, tausayi ne. Haki a kan ɗaukar bokiti ɗaya, jiri, suma, kumburin ƙafa: ku zo asibiti. Ku taho da duk abin da kuke sha. In an tura ku asibitin Komfo Anokye hoton zuciya, ku je a makon. Wadda aka tabbatar mata da ciwon ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, don ciki na iya halaka ta, bosentan kuma yana cutar da ɗan tayi. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya yanke shi don ya ji sauƙi.