Mandolin ko mandola don kiɗan old-time: ga amsoshin, a bar ni in huta

Tambayoyin nan ba sa canzawa. Mutum ya gaji da mandolin ɗinsa ta koyo, yana son mai kyau don kiɗan old-time, wato tsohon kiɗan ƙauye na tsaunukan Afalaciya a Amurka. Ga su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne bambancin mandolin da mandola?

Girma da murya. Kowacce tsirkiya takwas gare ta, bibbiyu. Ana ɗaure mandolin G-D-A-E (haruffan nan sunayen muryoyin tsirkiyoyin ne), daidai da gogen Turawa. Mandola kuwa C-G-D-A, muryarta ta fi kauri, wuyanta ya fi tsawo.

Dole sai samfurin F, mai naɗin nan a kafaɗa?

A'a. Ado ne. Sassaƙa shi ke cin lokaci, kai kuma ka biya. Da kuɗi ɗaya za ka samu samfurin A, marar naɗin, da ya fi shi katako da aiki.

Amma ai F-5, samfurin F na kamfanin Gibson, shahararren makaɗin nan Bill Monroe ya riƙe?

Monroe kiɗan bluegrass ya yi, malam, wani salo ne daban da old-time. F-5 ɗinsa ta 1923 mai tsaga biyu ce a fuska, amonta kaifi gare shi, yana keta taro. A old-time goge da banjo ke jan ragama, kowa yana bin waƙa tare, ba a ba wani fili shi kaɗai ya nuna bajinta. Shi ya sa da yawa suka fi son mai huda ɗaya a tsakiya, mai siffar ƙwai: amonta da taushi, yana daɗewa, yana shiga cikin na goge. In mai tsaga biyu kake da ita, kada ka damu, ba wanda zai kore ka daga bukukuwan kiɗan old-time na Galax ko Clifftop a Amurka.

In sayi tsohuwar Gibson ta wajen 1915, ko sabuwa?

To, nan ba ni da amsa ɗaya. Gibson ta ƙera samfurin A masu yawa a Kalamazoo, jihar Michigan, a waɗannan shekaru, shi ya sa har yau ba su da wuyar samu, kuma in ka dace da mai lafiya, muryar da kake nema ke nan. Sai dai kayan da ya haura shekara 100 ba a sayensa da hoto. Waɗanda aka yi kafin wajen 1921 ba su da ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake murzawa a miƙar da shi. In wuyan ya lanƙwashe, gyaran babba ne. Ɗaga ta daidai ido ka kalli fuskar ta gefe. Ya kamata ta yi tudu a ƙarƙashin jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa. In ka ga wurin ya lotsa, mai yiwuwa sandar da ke riƙe fuskar daga ciki ta saki. Wani lokaci gam kaɗan ke maganinta, wani lokaci kuma aikin ya fi kuɗin kayan. Wuyansu ma da kauri, wasu hannu na so, wasu ba sa jurewa, kunnuwan ɗauri kuma sukan yi tauri.

Saboda haka ya danganta. In kana da mai gyara kusa da zai duba maka kafin ka biya, tsohuwa ta fi a ganina. In babu, sayi sabuwa: ƙirar Eastman da Kentucky ga mai matsakaicin ƙarfi, Collings ko Northfield ga mai hali. Ko da sabuwar ce, tabbatar katakon zalla ne, ba falle-fallen da aka manna ba.

Ko dai in koma mandola gaba ɗaya?

Don me? Mandola ba ta da tsirkiyar E, waƙoƙin goge kuwa da ake kaɗawa a muryar A da D a kan tsirkiyar nan suke yawo. Sai ka bi wuya har sama, ko ka sauke waƙar ƙasa ka sake koyon yatsu. Wajen raka mawaƙi da cike gurbi tsakanin goge da jita tana da daɗi ƙwarai. Amma ta zama ta biyu, bayan ka mallaki ta farko.

Sabuwa za ta gyara mini kiɗa?

Ba za ta gyara ba. Kai wadda kake da ita wajen mai gyara a daidaita mata jaki, a sa sabbin tsirkiyoyi, ka sake saurara. Da yawa daga masu kuka da kayansu ba su taɓa yin wannan ba.

Zan kawo ta Kano. Akwai matsala?

Hunturu. Katakon nan yana son danshin iska kashi 40 zuwa 50 cikin 100, iskar Janairu kuwa tana iya tsaga fuskar. Ajiye ta cikin akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a 'yar roba mai huji, kada ruwa ya taɓa katako. Kada kuma ka bar ta cikin mota da rana.

Zan iya sayenta ta intanet ban taɓa ta ba?

In mai sayarwa ya yarda a rubuce zai karɓi kayansa idan ba su yi maka ba. In ya ƙi, wuce.