Daidaita ƙarfin lantarkin furosesa wajen ƙara mata gudu

Daidaita ƙarfin lantarkin furosesa shi ne sauya yawan bolt ɗin da babban allon kwamfuta yake ba ta, domin ta jure gudun da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade. A cikin BIOS, wato shafin saitin babban allo da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ana rubuta wannan bolt ɗin Vcore. Gudun furosesa yana fitowa ne daga agogon tushe, wanda yawanci MHz 100 ne, a ninka shi da lambar ninki: 45 sau 100 ya ba da GHz 4.5. Da zarar an ɗaga ninkin, ƙananan makunnan da ke cikinta sai su buƙaci ƙarin lantarki kafin su riƙa sauyawa kan lokaci. In ya gaza, lissafi ya ɓaci. In ya yi yawa, zafi ya ci ta. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin bolt da gudun zai zauna a kansa daram.

Tarihi

Pentium na farko da Intel ta fitar a 1993 da bolt 5 yake aiki. Shekara guda bayan nan aka sauko zuwa 3.3, Pentium MMX na 1997 kuma ya koma 2.8. A wancan zamani da hannu ake saitin, ta hanyar matsar da wasu ƙananan maɗaurai a jikin allo, ana duba littafin kamfani. Wajen 1996 Abit ya kawo SoftMenu, wanda ya mayar da aikin cikin BIOS.

Celeron 300A na 1998 ne ya yaɗa wannan sana'a. Ana ɗaga agogonsa daga MHz 66 zuwa 100 sai ya kai 450, da yawansu ma a kan bolt 2.0 ɗin da suka zo da shi. Wajen 2000 masu Athlon da Duron na AMD sukan goga fensir a kan wasu ƙananan mahaɗai da ke jikin furosesar, da ake kira gadojin L1, don buɗe ninkin da kamfani ya kulle. Pentium 4 samfurin Northwood kuwa shi ya koya wa mutane darasi mai ɗaci, domin an sha ba da rahoton mutuwarsa farat ɗaya bayan an daɗe ana ba shi sama da bolt 1.7. A 2011 Core i5-2500K da i7-2600K suka sa buɗaɗɗen ninki ya zama ruwan dare, Ryzen kuma ya biyo a 2017.

Kamfanonin da kansu ba su tsira ba. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone, har AMD ta taƙaita lantarkin SoC, wani sashe na cikin furosesar, a bolt 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa yawan lantarki ne ya jawo rashin zaman wasu furosesocinta na ƙarni na 13 da 14, ta fitar da gyara ta BIOS.

Yadda abin yake

Akwatin wuta yana ba allo bolt 12, sashen VRM da ke kewaye da mazaunin furosesa ya rage shi zuwa ɗaya da ɗoriya. Wutar da furosesa ke ci tana hawa da gudu sau ɗaya, amma da bolt a ninka shi da kansa. Tashi daga 1.20 zuwa 1.32 ƙarin kashi 10 cikin ɗari ne, amma zafin zai ƙaru da kusan kashi 21, tun ma ba a taɓa gudun ba.

Idan aiki ya yi nauyi bolt ɗin yakan ɗan faɗi ƙasa da wanda aka rubuta. Saitin LLC yana rage wannan faɗuwa, sai dai matakinsa na ƙoli yakan sa lantarki ya yi tsalle lokacin da nauyin ya sauka, don haka na tsakiya ya fi.

Matakai

Ana fara gwada kwamfutar a saitin kamfani a rubuta zafinta. Sai a sa bolt tsayayye, a ɗaga ninki da ɗaya, a gwada da manhajar ɗora wa furosesa nauyi, Prime95 ko OCCT, na kamar minti 15 ana kallon zafi da bolt a manhajar HWiNFO. Idan ta daskare, ko shuɗin allo ya fito da lambar 0x124 ko 0x101, a ƙara 0.01 zuwa 0.025 a sake gwadawa. Inda ƙarin MHz 100 ya fara neman bolt mai yawa, nan ne iyakar wannan furosesar. A koma baya da mataki ɗaya a bar gwajin ya yi sa'o'i. Furosesoci biyu masu lamba ɗaya ba sa zama daidai, shi ya sa kwafar saitin wani ba ta da tabbas. In kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, a zare wuta a cire ɗan batirin babban allo, CR2032, na ɗan lokaci don saitin kamfani ya dawo.

A Legas

Yawancin kwamfutocin ofis na tokumbo da ake sayarwa a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba BIOS ɗinsu a kulle yake, ba su da wannan saitin. A ɓangaren Intel sai an haɗa furosesa mai harafin K da allo mai harafin Z. Ɗakin da ya kai digiri 32 a watan Maris yana ɗora kusan digiri goma a kan sakamakon da aka samu a ɗaki mai 22, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, don haka saitin da ya zauna da damina yana iya rushewa da bazara. Ɗauke wuta da komawa kan janareto ma suna kashe kwamfuta kamar yadda ƙarancin bolt ke yi. Masu gyara sukan haɗa UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, kafin gwaji don kada a ɗora wa furosesa laifin NEPA.

Iyakar bolt da ba ta cutarwa

Ba a yi ittifaƙi a kanta ba. Ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin furosesar da ta lalace ta wannan hanya.