Bidiyon Jawaban TED

TED taron masana ne da masu ƙirƙira, wanda Richard Saul Wurman da Harry Marks suka fara a 1984 a garin Monterey na jihar Kalifoniya, Amurka. Sama da shekara ashirin, wanda ya iya biyan kuɗin kujera mai tsada ne kaɗai ke jin abin da ake faɗa a zauren. A 2001 gidauniyar Sapling ta Chris Anderson ta karɓi ragamar taron, sannan a ranar 27 ga Yuni 2006 aka saki jawabai shida na farko a intanet kyauta, ciki har da na tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore, da masanin ilimi Ken Robinson, da masanin lafiyar al'umma Hans Rosling. Zuwa ƙarshen 2012 an kalli bidiyoyin TED sau biliyan ɗaya. Sunan da taron ya yi a duniya, bidiyon nan ne ya jawo masa shi.

Yadda ake ɗauka

Kafin TED, galibin bidiyon lacca kyamara ɗaya ce ake kafawa a bayan zaure, mai magana ya fito ɗan mitsitsi, muryarsa na amsa-kuwwa. Masu aikin TED suka ɗauki jawabi kamar yadda ake ɗaukar fim. Ana girke kyamarori da yawa: wata na riƙe da fuskar mai magana dab da dab, wata na kallon dandamalin gaba ɗaya, wata kuma na bin fuskokin masu sauraro. Ƙaramin makirufo ake maƙala masa a gefen kunci don hannayensa su sake. Jar darduma mai da'ira da ake shimfiɗawa ma tana da amfani ga masu ɗauka, domin muddin yana kanta bai fita daga haske ba. Ba a so jawabi ya wuce minti 18.

Babban aikin yana ɗakin tacewa. A nan ake yanke doguwar gaisuwa da godiya, da "eh... to..." da in-ina, a fara bidiyon daga inda magana ta kama. Hotunan da aka haska a majigi ba a barin su dushi-dushi yadda kyamara ta hango su, ana ɗauko asalinsu daga kwamfuta a dasa a cikin bidiyon. Sauti ya fi komai muhimmanci, don mai kallo a waya zai jure hoto mai rauni, amma murya mai ƙara da shuu ba ya daɗewa a kanta.

Zane mai motsi

Jawabin Rosling na 2006 ya nuna ƙarfin wannan fanni. Da manhajar Gapminder ya mai da alƙaluman haihuwa da tsawon rai na ƙasashe ƙwallaye masu launi da ke tafiya a allo shekara bayan shekara, shi kuma yana biye da su da baki kamar mai sharhin tsere.

A Landan, ƙungiyar masana ta RSA (Royal Society of Arts) ta bi wata hanyar a jerin RSA Animate: a ɗauki muryar lacca, mai zane Andrew Park ya zana ma'anarta a farin allo, a hanzarta hoton hannunsa ya yi daidai da maganar. Laccar Ken Robinson kan ilimi, wadda aka fitar da zanenta a 2010, na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. A 2012 TED ta buɗe TED-Ed, inda ake haɗa malami da masu zanen katun su fitar da gajeren darasi na 'yan mintuna.

Fassara da TEDx

A 2009 aka fara shirin fassara na 'yan sa-kai, masu rubuta maganar a ƙasan allo cikin harsuna fiye da ɗari. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da TEDx, tarukan da mutane ke shiryawa a garuruwansu da lasisin TED, bisa sharaɗin su ɗauki jawaban su aika a ɗora a YouTube. A nan ingancin aiki ke bambanta ƙwarai, don ba kowane mai shiri ke da kuɗin hayar kyamarori da ƙwararren mai sauti ba.