Me ake nufi da "alaƙa" a binciken magunguna?

Tun ranar 22 ga Satumban 2025, da Shugaba Donald Trump ya tsaya a fadar White House ya ce masu ciki su guji Tylenol, wato farasitamol ɗinmu na kemis, wai yana da alaƙa da galahanga (autism) a yara, kalmar "alaƙa" ta cika gari. A rediyo ka ji an ce bincike ya gano alaƙa tsakanin maganin da galahanga, kafin labarin ya iso WhatsApp ya koma "farasitamol na haddasa galahanga". Nan ne abin ke ba ni haushi.

A wurin masu bincike, alaƙa na nufin an ga abu biyu suna yawan zuwa tare a cikin bayanai. Iyakarta ke nan. Duk inda gobara ta tashi za ka ga motar 'yan kwana-kwana, amma babu mai cewa su suka kunna wutar.

Dubi yadda aka yi a Suwidin. A can, idan mai ciki ta je awo, ungozoma na tambayar ta magungunan da take sha, ta shigar a kwamfuta, kuma ana iya haɗa wannan da bayanan asibiti na ɗan da ta haifa. Masana daga Cibiyar Karolinska da Jami'ar Drexel ta Amurka suka bi bayanan yara kusan miliyan 2.5 da aka haifa daga 1995 zuwa 2019, suka wallafa sakamakon a mujallar JAMA a 2024. Da farko dai alaƙar ta fito: zuwa shekara 10, kashi 1.53 cikin ɗari na yaran da uwayensu suka sha maganin an gano suna da galahanga, sauran kuma kashi 1.33. Da a nan suka tsaya, da an samu kanun labarai masu zafi.

Sai suka yi dabara. Suka ware 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, inda uwar ta sha maganin a cikin wani, ba ta sha a na wani ba. Gida ɗaya, gado kusan ɗaya. Bambancin ya ɓace gaba ɗaya. Da alama ba ƙwayar ba ce, wani abu ne da ke tattare da iyalin. Ga kuma tambayar da 'yan siyasa ba sa son yi: me ya sa ta sha maganin tun farko? Ai ba don marmari ba. Zazzaɓi ne, ko ciwon kai mai tsanani, ko wani ciwo da ya daɗe, kuma kowannensu na iya shafar ciki da kansa.

Rumbun bayanan ma ba wahayi ba ne. Maganin da mace ta saya a kanti ta manta ba ta faɗa wa ungozoma ba, kwamfuta ba ta san da shi ba. Shi ya sa mai bincike na gaske yake taka-tsantsan da bakinsa, har ya gundure ka da "mai yiwuwa". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan zargin.

Trump ya ce mata su daure. A wurinmu kuwa, inda zazzaɓin mai ciki kan zama na cizon sauro, dauriya a gida ganganci ne, gwaji ake bukata da magani. Kuma wadda ta tsorata da farasitamol ta koma ibuprofen ta faɗa hatsarin da aka tabbatar, domin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta gargaɗi masu ciki a kansa tun 2020, daga mako na 20 zuwa sama.